Kan Jirgi a Matsayin Shaidar Tarihi: Misali daga Ƙasar Mafaza

Wannan 'yar takarda ta samo asali ne daga wani tsohon hoto da wani ɗalibi ya kawo mini. A cikinsa ga mutane sanye da manyan riguna tsaye a gaban kan jirgin ƙasa mai hayaƙi, a bayansa kuma an rubuta da ajami: Mafaza, 1920. Iyalin ɗalibin sun riƙe shi a matsayin hujjar shekarar da kakansu ya sauka a gaɓar kogin Rahad.

Kafin a dubi jirgi, sai a fara duba layin dogo. Hausawa sun yawaita a wannan yanki na Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi gabas da jama'arsa. To amma reluwe bai iso da wuri ba. Layin ya kai Kassala a 1924, ya kai Gadarif a 1928, sannan ya haɗe da Sinnar a 1929. Ke nan a 1920 babu dogo a wannan ƙasa ko kaɗan. Bugu da ƙari, Mafaza ba a kan layin take ba. Hawata ce tashar da mutanenta suke zuwa.

Ɗalibi zai iya cewa, to ko a Kano aka ɗauka, tunda jirgi ya isa can tun 1911? Faɗin dogo ba zai raba gardama ba, domin Nijeriya da Sudan duk ma'auni ɗaya suka bi, wato ƙafa 3 da inci 6, kuma kamfanonin Birtaniya ne suka ƙera musu yawancin kawunan jiragen. Abin dubawa shi ne haruffan da ke jikin taragon da ke bin kan jirgin: SGR ko SR na Sudan ne, NR ko NRC na Nijeriya.

Daga nan sai a ƙirga ƙafafu, kuma a nan ne ɗalibai suka fi gaggawa. Ana fara ƙirgar ƙananan ƙafafun gaba, sai manyan da sandar ƙarfe ta haɗa, sai ƙananan baya, a ninka biyu saboda ɓangaren da ba a gani. Idan an ga biyu, huɗu, ɗaya, sai a rubuta 4-8-2. Haka na hotonmu yake, kuma lambarsa ta fara da 5. Wannan ajin 500 ne, wanda kamfanin North British na Gilasgo ya ƙera wa Sudan a tsakiyar shekarun 1950. Wani aji ma ya fi wannan sauƙin ganewa: Garratt na kamfanin Beyer Peacock, mai tukunya a tsakiya da injin a gaba da baya. Sun zo Sudan a 1936 da 1937, aka sayar wa Rodeshiya da su a 1949. Na fara koyon wannan ƙirga ne a kan hotunan ma'ajiyar tarihin Sudan ta Jami'ar Durham, kuma na sha kuskure kafin ido ya saba.

Sai dai a lura, kan jirgi yana nuna shekarar da hoto ba zai gabace ta ba, amma ba ya faɗin ranar ɗaukarsa, domin jiragen hayaƙi sun ci gaba da aiki a Sudan har cikin shekarun 1980. A ganina, 1920 ɗin tana iya zama shekarar zuwan kakan da gaske, wani daga baya ya rubuta ta a bayan hoton da aka ɗauka fiye da shekara 30 bayan haka. Na shawarci ɗalibin ya tambayi dattawan gidansu wane ne ya yi rubutun.