Zaɓen rabin wa'adi a jihar Jojiya ta Amurka, 2022

A Amurka ana gudanar da zaɓen rabin wa'adi bayan shugaban ƙasa ya yi shekara biyu a kan mulki. A ranar ake sabunta dukan kujeru 435 na majalisar wakilai da kusan kashi ɗaya cikin uku na kujeru 100 na majalisar dattawa, jihohi da dama kuma su zaɓi gwamnoninsu. Na 2022 an yi shi ne ranar 8 ga Nuwamba, kuma Jojiya, da ke kudu maso gabashin ƙasar, na cikin jihohin da aka fi zuba wa ido.

Me ya sa ake ji da Jojiya?

Jihar ta daɗe a hannun jam'iyyar Republican. Amma birnin Atlanta da garuruwan da ke kewaye da shi sun ƙaru da baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya da na Latin Amurka, waɗanda akasarinsu Democrat suke zaɓa, yayin da ƙauyuka suka tsaya ga Republican. A 2020 Joe Biden ya kayar da Donald Trump a jihar da ratar ƙuri'a 11,779 kacal.

Kujerar gwamna

Gwamna Brian Kemp na Republican ya sake karawa da Stacey Abrams ta Democrat, kamar yadda suka yi a 2018. Kemp ya ƙi amincewa da buƙatar Trump ta a sauya sakamakon 2020, don haka Trump ya goya wa David Perdue baya a zaɓen fidda gwani, amma Kemp ya yi masa fintinkau. A babban zaɓe ya samu kusan kashi 53 cikin ɗari, Abrams kusan kashi 46.

Kujerar sanata da zagaye na biyu

Dokar Jojiya ta ce sai ɗan takara ya haura rabin ƙuri'un da aka kaɗa kafin a ayyana shi, in ba haka ba a je zagaye na biyu. Sanata Raphael Warnock na Democrat, limamin cocin Ebenezer da ke Atlanta, ya fafata da Herschel Walker, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka da Trump ya tsaya wa. Warnock ya samu kashi 49.4, Walker kashi 48.5, ɗan takarar Libertarian ya kwashe sauran. Dokar zaɓe ta 2021 ta rage tazarar zagaye na biyu daga mako tara zuwa huɗu, sai aka koma rumfuna ranar 6 ga Disamba. Warnock ya yi nasara da kusan kashi 51, abin da ya ba Democrat rinjayen kujeru 51 a majalisar dattawa.

Sakamakon ya nuna masu zaɓe da yawa sun raba ƙuri'a: sun zaɓi Kemp, amma ba su zaɓi Walker ba.

Sauran kujeru

A kujeru 14 na jihar a majalisar wakilai, Republican ta ɗauki 9, Democrat 5. A majalisar jiha kuwa, Ruwa Romman da Nabilah Islam sun zama Musulmi mata na farko da suka shiga majalisar wakilai da ta dattawan Jojiya.