Labarin Naɗin Yari da Tuɓe Shi a Katsina

Duk wanda ya yi aikin En'e ya san hanyar da ɓarawo kan bi in an kama shi a Babbar Kasuwa: dogarai su kai shi gaban alƙali, in an ɗaure shi a damƙa shi ga Yari. Daga sunan wannan sarauta aka sami kalmar gidan yari. To, wa ke naɗa Yarin, wa ke tuɓe shi?

Kafin zuwan Turawa maganar Sarki kaɗai ke naɗa shi, ita ke tuɓe shi. Akan zaɓo shi cikin amintattun fada. Ba shi da albashi, kuma akasarin abincin ɗaurarru daga danginsu yake fitowa. Wanda ba shi da kowa a gari, sai ta Allah.

Turawa suka shigo Katsina a 1903. Gwamna Lugga ya ga irin ƙuncin kurkukun Kano a wannan shekara, har ya rubuta labarinsa cikin rahotonsa. Duk da haka bai karɓe gidajen yari daga hannun sarakuna ba, sai ya sa aka riƙa duba su. Da Muhammadu Dikko ya hau gado a 1906, ba a daɗe ba aka kafa Baitulmali, Katsina ce ta fara shi a ƙasar Arewa. Nan Yari ya zama ma'aikacin En'e mai albashi, abincin fursuna kuma ya shiga kasafi.

Tun daga nan naɗin ya sami shaidu. Sarki ke zaɓe, amma sai Razdan ya yarda. D.O. da likita sukan zaga, su ƙidaya fursuna, su duba awon hatsi da littafin waɗanda suka mutu. Fursuna ya tsere, ko hatsi ya yi ƙafa, Yari ne zai amsa. In an tuɓe shi, ba ya sauka sai ya damƙa wa magajinsa makullai da mutane bisa lissafi.

Haka aka zauna har zamanin Sarki Usman Nagogo, wanda ya gaji mahaifinsa a 1944. A 1968 gwamnatin soja ta karɓe gidajen yarin En'e duka, naɗi ya koma Ikko. Dokar 2019 ta sake wa hukumar suna, ta zama ta gyaran hali, ta kuma ce Shugaban Ƙasa ke naɗa babbanta da yardar Majalisar Dattawa. A 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon kafa nasu gidajen.

Saboda haka tambayar tana iya komowa gida. Ranar da Katsina za ta sāke naɗa nata Yarin, a tuna da abin da magabata suka koya: a naɗa mai amana, a sa ido a kansa, in ya saɓa a tuɓe shi gaban shaidu. Ɗaurarre ba shi da bakin kai ƙara, ransa na hannun mai riƙe da makulli. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.