Daga Afisa Zuwa Kagoro: Tafiyar Koyarwar Sabon Rai

Manzo Bulus bai sassauta harshe ba a wasiƙarsa zuwa ga Afisawa. Mutanen da suke ci suna sha, suna saye da sayarwa, su ne ya ce a da matattu ne, domin zunubi ya raba su da Allah. Matacce kuwa ba ya tashi da kansa, sai an tashe shi. Nan ne tushen koyarwar: Allah ne ya rayar da mai bi tare da Almasihu, bisa alherinsa, ba don wani aiki da mutum ya yi ba.

Ikkilisiya ta fari ta nuna wannan a aikace. Mai neman baftisma yakan daɗe yana karɓar koyarwa, wani lokaci har shekara 3. A daren Ista sai ya tuɓe tsohuwar rigarsa, ya shiga ruwa, in ya fito a sa masa farar riga. Shiga ruwan binnewa ce, fitowar kuwa tashi daga kabari, kamar yadda Romawa sura 6 ta koyar.

A ƙarni na 5 gardama ta ɓarke. Filajiyus, wani malami ɗan Birtaniya, ya ga yadda Kiristocin Roma suke sakaci, sai ya ce mutum yana da ikon yin biyayya in ya ga dama. Agustin, bishop na Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya ce faufau, wanda zunubi ya ɗaure ba ya kwance kansa. Majalisar Kartaj ta 418 ta goyi bayan Agustin. Ina ganin shi ke da gaskiya, amma damuwar Filajiyus ba ta banza ba ce, don har gobe akwai masu fakewa da alheri suna sheƙe ayarsu.

Martin Luther ya sake ɗaga tutar alheri a ƙarni na 16. Sai John Wesley, wanda a ranar 24 ga Mayu, 1738, a wani taro a titin Aldersgate na Landan, ya sami tabbacin an gafarta masa. Farkawar da ta biyo baya ta sa sabuwar haihuwa ta zama abin da mutum zai iya faɗin ranarsa da wurinsa.

Da wannan fahimta yawancin 'yan mishan suka iso ƙasarmu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, sannan a farkon shekarun 1960 Gerald Swank na ƙungiyar mishan ta SIM, mai koyarwa a Kagoro, ya assasa shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aikin ya bar kan bagade ya shiga gidaje. Manomi da tela da matan zumunta sukan taru 'yan kaɗan su yi addu'a, sannan su fita ƙauye-ƙauye suna ba da shaida.

Yau dai faɗin "an sake haihuwata" ya yi sauƙi a baki. A wasu majami'u sabon rai ya koma sabuwar mota da ƙarin girma a wurin aiki, abin kuwa yana ci mini tuwo a ƙwarya. Bulus ya lissafa wa Kolosiyawa abubuwan da mai bi zai kashe a cikin kansa: fasikanci, kwaɗayi, fushi, ƙeta, yi wa juna ƙarya. Ba kasafai ake jin wa'azi a kansu ta lasifika a tarurrukan farkawa na yanzu ba.