Tarihin Ingilishin Shari'a da Koyar da Shi a Jami'o'in Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya shiga tsangayar koyon aikin lauya yakan zo ne da kyakkyawan sakamako a Ingilishi da adabinsa, domin sharaɗi ne na ɗaukarsa. Duk da haka, ba ya daɗewa sai ya tarar cewa harshen da ke cikin kundayen doka da hukunce-hukuncen manyan alƙalai wani abu ne daban. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan nau'i na Ingilishi tun daga tushensa, ta kuma dubi yadda ya zauna a jami'o'in Nijeriya, da giɓin da ya bari tsakanin kotu da wanda ake yi wa shari'a.

2.0 Tushen Harshen

Su kansu mutanen Ingila sun shafe ƙarnoni ana yi musu shari'a da harshen da talakansu ba ya ji. Bayan da Normandawa suka ci ƙasar da yaƙi a 1066, sannu a hankali Faransanci ya zama harshen muhawara a kotu, Latin kuwa ya zama na rubuta bayanai. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gabatar da ƙara da Ingilishi, saboda jama'a ba su fahimtar abin da ake faɗa a kansu. Wani abin mamaki shi ne, ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Sai a 1733 wata doka ta fara aiki, wadda ta wajabta Ingilishi a rubuce-rubucen kotu.

Wannan doguwar cuɗanya ta bar tabo. Kalmomi irin su plaintiff da tort da mortgage daga Faransanci suka fito, habeas corpus da mens rea kuwa Latin ne tsantsa. Haka kuma lauyoyi suka saba jera kalmomi biyu masu kusancin ma'ana, ɗaya 'yar gida ɗaya baƙuwa, kamar goods and chattels. Ashe ke nan ɗalibin lauya harsuna uku yake koyo a cikin riga guda.

3.0 Shigowarsa Nijeriya

Birtaniya ta mamaye Legas a 1861, a 1863 kuma aka shigo da dokokin Ingila. Christopher Sapara Williams, wanda ya kammala a Inner Temple a 1879, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya zama cikakken lauya. Daga nan har zuwa samun 'yancin kai, mai son wannan aiki Ingila yake zuwa. A can, cin abincin dare a zauren ƙungiyar lauyoyi yana cikin sharuɗɗan kammalawa, alhali dokar gādo ko ta filaye ta ƙasar da zai komo ya yi aiki ba ta cikin abin da ake jarraba shi a kai.

Domin gyara wannan ne gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin Unsworth a 1959. Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe tsangayar shari'a, sannan jami'o'in Legas da Ife da Zariya suka biyo baya. Aka yi dokar ilimin lauyoyi a 1962, Makarantar Horar da Lauyoyi ta buɗe a titin Igbosere da ke Legas a Janairun 1963 da ɗalibai takwas. An dai maido da karatun gida, an kuma cusa dokokin ƙasa a cikinsa, amma harshen ya zauna yadda aka gaje shi.

Lamarin Arewa ya ɗan bambanta. Kotunan alƙalai da Hausa ko wani harshen gari suke sauraron ƙara, hujjarsu kuwa littattafan Malikiyya ne na Larabci, irin su Risala da Muhtasar. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ce ta haifar da kundin Final Kod, wanda ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. An kwaikwayo shi daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860. Da yake yawancin alƙalan ba su jin Ingilishi, sai aka fassara kundin zuwa Hausa, aka kuma shirya musu kwas a Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki ta Zariya. Wannan aiki ya isa shaida cewa harshen gida zai iya ɗaukar doka ta zamani, sai dai tsangayoyin shari'a ba su ɗora a kansa ba.

4.0 Tsakanin Lauya da Tafinta

Tsarin mulkin 1979, haka ma na 1999, ya ba wanda ake tuhuma 'yancin samun tafinta kyauta idan bai ji harshen kotu ba. A 1991 Hukumar NERDC ta wallafa ƙamus na kalmomin majalisa cikin Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarabanci. To amma ɗalibin lauya yakan shekara biyar a jami'a, ya ƙara ɗaya a makarantar lauyoyi, yana ƙwarewa a tsara yarjejeniya da wasiyya da takardar tuhuma, ba tare da an wajabta masa darasi ko ɗaya a harshen mutanen da zai kare ba. Nauyin sai ya faɗa kan tafinta, wanda galibi akawun kotu ne da bai yi karatun fassara ba.

Misali guda zai fito da haɗarin. Tambayar da ake yi wa wanda ake tuhuma, guilty or not guilty, tana neman sanin ko ya amsa laifi a idon doka. Idan tafinta ya mayar da ita "ka yi ko ba ka yi ba?", to ya tambayi aukuwar aikin ne kawai. Mutumin da ya kora akuya gida bisa yaƙinin cewa tasa ce zai amsa da "na yi", domin lalle ya kora ta. Final Kod kuwa ba ya kiran wannan sata sai in akwai niyyar zamba. Amma abin da alƙalamin majistare zai rubuta da Ingilishi shi ne, wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa.