Zaɓen Manhajar Gina Shafin Intanet Domin Ƙaramar Sana'a

Gabatarwa

Mun tanadi wannan bayani ne domin amfanin masu ƙananan sana'o'i da ƙungiyoyin gama-kai na yankunan karkara, tare da jami'an ci gaban al'umma da na kasuwanci a ƙananan hukumomi, waɗanda jama'a kan tuntuɓa idan suna neman shawara. Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta yaɗu a Nijeriya, hanyar da mai saye ke bi wajen neman mai sayarwa ta sauya ƙwarai. A yau ɗan kasuwar da ke Legas ko Fatakwal, idan yana neman riɗi ko zoɓo ko kilishi ko man gyaɗa, sau da yawa wayarsa yake fara dubawa kafin ya turo wakili. Wannan ne ya sa masu sana'a da dama ke sha'awar mallakar shafi nasu na kansu.

Manhajar gina shafi ita ce tsarin da ke ba mutum damar haɗa shafin intanet ba tare da ya koyi rubuta umarnin kwamfuta ba. Yakan zaɓi fasali daga cikin waɗanda aka riga aka zana, ya ɗora hotunan kayansa, ya rubuta farashi da lambar waya. Irin waɗannan manhajoji suna da yawa, kuma kowace tana tallata kanta da kyawun zane. A ganinmu kyawun zane shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Tambayar farko ita ce: idan an kammala aikin, shafin mallakar wane ne, kuma in mai sana'a ya so tashi zuwa wani kamfani, me zai iya ɗauka ya tafi da shi?

Abubuwa uku da ke cikin kowane shafi

Yana da kyau mai karatu ya san cewa kowane shafi ya ƙunshi abubuwa uku, ko da kuwa kamfani ɗaya ne ya haɗa su ya sayar a dunƙule. Na farko shi ne suna, wato adireshin da ake rubutawa a kai ga shafin. Na biyu shi ne masauki, wato kwamfutar wani kamfani da ke kunne dare da rana, inda ake ajiye hotuna da rubuce-rubucen shafin. Na uku ita ce manhajar da aka yi ginin da ita. Ana iya sauya masauki, ana iya sauya manhaja, abokan ciniki ba za su ma lura ba. Amma sunan da aka riga aka buga a jikin buhu da leda da allon shago, sauya shi asara ce.

Ire-iren manhajojin

Kashi na farko su ne kamfanonin da ke ba da komai a wuri ɗaya, kamar Wix wanda aka kafa a Isra'ila a 2006, da Squarespace na Amurka, da Shopify na ƙasar Kanada wanda ya ƙware a harkar kantin sayar da kaya. Sauƙinsu ba ya misaltuwa, domin mai ɗan ilimin kwamfuta zai iya kammala shafi a yini ɗaya, kuma kamfanin ne ke kula da gyara da tsaro. Sai dai kuɗinsu na wata-wata ne ko na shekara, galibi kuma da dalar Amurka. Har ila yau, shafin da aka gina a Wix ba ya ɗaukuwa a mayar da shi wani masauki. Wanda ya so tashi sai ya sake gini daga tushe. Tsarin Wix na kyauta kuma yana zuwa ne da tallar kamfanin a jikin shafin, da adireshi mai ɗauke da sunan kamfanin.

Kashi na biyu ita ce WordPress, wadda ta fito a 2003, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita aka gina su. Manhajar kanta kyauta ce, kowa na iya ɗora ta a masaukin da ya ga dama, ciki har da na kamfanonin cikin gida da ke karɓar naira. Idan ana son sayar da kaya, akan ƙara mata wata manhaja mai suna WooCommerce. Fa'idarta babba ita ce ana iya kwashe shafin gaba ɗaya a koma wani masauki, sannan matasan da suka iya aiki da ita suna da yawa a manyan garuruwanmu, don haka in wanda ya yi ginin ya yi nisa, ba a rasa wani. Wahalarta kuwa ita ce tana buƙatar kulawa. Dole a riƙa sabunta ta a kai a kai, in ba haka ba masu kutse su sami ƙofa. A lura kuma cewa akwai WordPress.com, wanda kamfani ne mai ba da masauki bisa nasa sharuɗɗan, ya bambanta da manhajar da mutum ke ɗorawa da kansa.

Kashi na uku su ne na kyauta, kamar Blogger da Google Sites, dukansu na kamfanin Google. Sun wadatar ga wanda bukatarsa ita ce ya bayyana sana'arsa da wurin da yake da lambar wayarsa. Akwai kuma ɗan kantin intanet da kamfanin Paystack ke ba 'yan kasuwa, inda mai saye ke zaɓen kaya ya biya da naira, kamfanin ya cire ladansa daga cinikin.

Ba za mu ɓoye ba, akwai masu sana'ar da ba su buƙatar shafi ko kaɗan. Macen da ke sayar da ƙuli-ƙuli ga mutanen garinsu da ƙauyukan kewaye, manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, ta ishe ta. Shafi yana amfani ne ga mai neman abokan ciniki daga nesa, waɗanda ba su san shi ba, suke son ganin shaida kafin su turo kuɗi.

Abin da ba naka ba

Duk abin da aka samu kyauta, mai shi na iya karɓe abinsa ranar da ya so. A 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafuka. A watan Maris na 2024 kamfanin Google ya rufe ƙananan shafukan kyauta da yake ba 'yan kasuwa masu rajista a tsarinsa na bayanin kasuwanci. Dandalin sada zumunta ma haka abin yake. An dakatar da Twitter a Nijeriya daga watan Yuni na 2021 zuwa watan Janairu na 2022, sannan a ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun tsaya cik na kimanin sa'o'i shida a duniya baki ɗaya. Wanda ke da suna nasa na kansa, idan irin haka ta faru, yana iya karkatar da sunan zuwa sabon wuri, masu nemansa su same shi. Wanda ba shi da shi kuwa sai ya soma sanar da jama'a daga farko.

Rajistar suna

A nan ne muke roƙon mai karatu ya fi mai da hankali. Sunayen da ke ƙarewa da .ng, kamar .com.ng na 'yan kasuwa da .org.ng na ƙungiyoyi, suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA wadda aka kafa a 2005. Ba ita ke sayarwa ga jama'a kai tsaye ba, akwai dillalan da ta amince da su, kuma sunayensu na nan a shafinta. Ana biyan kuɗin waɗannan sunaye da naira. Sunayen da ke ƙarewa da .com su ma ana samunsu ta hannun dillalan cikin gida, sai dai farashinsu na bin tashin dala.

Suna ba a sayensa dindindin. Haya ce ta shekara, ko ta wasu shekaru in an biya gaba. Idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, shafin yakan daina buɗewa, a ba da ɗan lokaci na alfarma, daga nan sai fansa da kuɗi mai yawa, bayan haka kuma a saki sunan kowa ya iya yi masa rajista. Saƙon tunatarwa kuwa yana zuwa ne ga adireshin imel ɗin da aka yi rajistar da shi, kuma mai wannan adireshi shi ne ke riƙe da linzamin shafin.

Matsalar da ta fi yawa a karkara daga nan take tasowa. Ƙungiyar manoma ko ta mata masu sarrafa gyaɗa takan ba wani matashi aikin, wani lokaci mai shagon kwamfuta, wani lokaci ɗan hidimar ƙasa da aka turo yankin. Saboda neman sauƙi sai ya yi rajistar da nasa imel da lambar wayarsa, ba da wata mugun nufi ba. Hidimar ƙasa shekara ɗaya ce, hayar suna ma shekara ɗaya ce. Sai ya zamana lokacin da wa'adin sunan ya cika, wanda ya yi rajistar ya koma jiharsu, wataƙila ya sauya layi, saƙon tunatarwa na can yana shiga akwatin da ba mai dubawa. Ƙungiya ba za ta farga ba sai mai saye ya bugo waya yana cewa shafi ba ya buɗewa, alhali an riga an buga adireshin a jikin dubban ledoji.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Tun kafin a fara aiki a buɗe imel da sunan sana'ar ko ƙungiyar, a haɗa shi da layin wayar mai sana'a, ko na shugaban ƙungiya, sannan a yi rajistar sunan da shi. Idan ƙungiya ce, a rubuta sunan dillalin da ranar cikar wa'adi a littafin taro, a damƙa kalmar sirri ga mutum biyu amintattu, kamar shugaba da ma'aji, a kuma sauya ta duk lokacin da aka yi sabon zaɓe. Wasu kamfanonin gina shafi sukan ba da suna kyauta a shekarar farko. Babu laifi a karɓa, muddin an tabbatar cewa rajistar da sunan mai sana'a take, kuma ana iya mayar da ita hannun wani dillali.

Dangane da zaɓen sunan kansa, ya kasance gajere, mai sauƙin faɗa a waya. A rubuta shi da baƙaƙe marasa lanƙwasa, wato k da d da b a madadin ƙ da ɗ da ɓ, domin ba kowace waya ke da su ba. A sani kuma cewa rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, ba ta ba mutum sunan intanet. Rajista ce daban, kuma wanda ya riga shi ke samu.

Naira da dala

A farkon watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Ma'ana, wanda ya ɗauki tsarin da ake biya da dala, kuɗin shafinsa ya ninka sau uku cikin ƙasa da shekara ɗaya, ba tare da kamfanin ya ƙara masa ko sisi ba. Bugu da ƙari, a 2022 bankuna da dama sun dakatar da biyan kuɗi zuwa ƙasashen waje da katin naira, sai a 2025 wasunsu suka dawo da shi. Ga mai sana'ar da cinikinsa da naira yake, shawararmu ita ce ya fifita abin da zai biya da naira.

A tambayi kuɗin shekara ta biyu kafin a biya ta farko, domin rangwamen da ake tallatawa galibi na shekarar farko ne kawai. Idan kuma ana son mai saye ya biya ta cikin shafin, a bincika ko manhajar tana haɗuwa da kamfanonin karɓar kuɗi na cikin gida irin su Paystack da Flutterwave. Da yawa daga cikin masu sana'a ba su ma buƙatar wannan, lambar asusun banki da lambar waya sun wadatar.

Gwaji kafin karɓa

Kada a karɓi shafi bisa yadda ya fito a kwamfutar wanda ya gina shi. A buɗe shi a ƙaramar waya, a wurin da sadarwa ke da rauni, a ga ko zai buɗe ba tare da dogon jira ba. Manyan hotuna da bidiyo su ne ke nauyaya shafi su cinye wa mai dubawa data. Idan da Hausa aka rubuta, a duba ko baƙaƙe masu lanƙwasa sun fito daidai, don wasu fasalolin rubutu sukan mayar da su 'yan akwatuna. A tabbatar adireshin ya fara da https, domin tun 2018 manhajar Chrome ke nuna gargaɗi a kan shafukan da ba su da wannan kariya. Ana samun kariyar kyauta a yawancin masaukai, saboda haka bai kamata a caji mai sana'a kuɗi mai yawa a kanta ba. Wanda kuma ke karɓar sunaye da lambobin wayar masu saye, ya sani cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora masa alhakin tsare su.

Ga jami'an ƙananan hukumomi

Sunayen da ke ƙarewa da .gov.ng na hukumomin gwamnati ne kaɗai, ana samunsu ta hannun hukumar NITDA, kuma ba a ɗora kasuwancin wani a kansu. Jami'in da ke taimaka wa wata ƙungiya kada ya yi rajista da nasa imel ko na ofis, domin shi ma ana iya yi masa canjin wurin aiki. Abin da ya fi dacewa ya yi shi ne ya shaida yarjejeniya a rubuce tsakanin ƙungiyar da mai gina shafin, wadda za ta fayyace sunan manhajar, da kamfanin masauki, da kuɗin sabuntawa na kowace shekara, da wanda zai riƙa kula da shafin bayan an gama. A ajiye kwafin hotuna da rubuce-rubucen a wata ma'ajiya daban a hannun ƙungiyar. Cikon kuɗin aiki kuma a biya shi bayan mai sana'a ya shiga asusun sunan da na masaukin da hannunsa, ya sauya kalmomin sirri a gaban shaidu.