Ching Tang da fuskar waya mai haskaka kanta

Ching Wan Tang masanin ilimin sinadarai ne da aka haifa a Hong Kong a shekarar 1947. Shi ne ake jingina wa ƙirƙiro OLED, wato irin fuskar waya da talabijin da take ba da haske da kanta ba tare da an sa mata fitila a baya ba. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar British Columbia da ke Kanada a 1970, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1975, kuma a wannan shekarar ya kama aiki da kamfanin Kodak a garin Rochester.

Kafin Tang, masana sun san cewa wasu sinadarai da aka gina su bisa kabon suna iya yin haske idan lantarki ya ratsa su. Martin Pope da abokan aikinsa a Jami'ar New York sun nuna haka tun 1963. Matsalar ita ce sai an ba su lantarki mai ƙarfin ɗaruruwan bolt. Mai karatu ya tuna cewa batirin rediyo bolt ɗaya da rabi ne, wutar gida kuma wajen 220. Abin da ke neman fiye da wutar gida kafin ya ɗan ƙyalla, ba mai sa shi a aljihu.

Tang bai fara da neman haske ba. Aikinsa na farko shi ne akasin haka: samar da lantarki daga hasken rana da irin waɗannan sinadarai. A nan ya gano amfanin jera shimfiɗa biyu na sinadarai daban, ɗaya bisa ɗaya, ya kuma wallafa sakamakon a 1986. Wannan dabarar ce shi da abokin aikinsa Steven Van Slyke suka juya. A 1987 suka fitar da maƙala a mujallar Applied Physics Letters, inda suka bayyana wata na'ura mai ba da koren haske mai ƙarfi da lantarkin da bai kai bolt 10 ba.

Ga yadda take aiki. Ana shafa shimfiɗa biyun a kan gilashi, kaurinsu gaba ɗaya ya gaza na silin gashi sau ɗaruruwa. Ɗaya tana ɗauko caji mai alamar tarawa daga wani ɓangare, ɗayar tana ɗauko mai alamar ɗebewa daga wancan. Suna haɗuwa ne daidai kan iyakar shimfiɗun, ƙarfin haɗuwar kuma ya fito a matsayin haske. Sirantar ce ta rage lantarkin da ake buƙata, rabon aikin kuma ya sa cajin ba ya wucewa a banza. Bayan shekara biyu sai suka nuna cewa idan an barbaɗa ɗan rini cikin shimfiɗar, ana iya sauya launin hasken a kuma ƙara ingancinsa. Daga nan hanyar samun fuska mai launuka ta buɗe.

Wasu sun ɗora a kai. Richard Friend da abokansa a Cambridge sun yi irinta da sinadarai dangin roba a 1990. Stephen Forrest da Mark Thompson a Amurka sun samo hanyar da kusan duk cajin zai zama haske, maimakon kashi ɗaya cikin huɗu. Kamfanin Pioneer na Japan ya sa OLED a rediyon mota a 1997, Sony kuma ya fitar da talabijin ɗinsa mai inci 11 a 2007.

Amfaninta ga mai waya a bayyane yake. Kowane ɗigo a fuskar fitila ce mai zaman kanta, don haka inda hoto yake baƙi, ɗigon a kashe yake. Shi ya sa baƙin yake fita sosai, kuma mayar da waya baƙin shafi yana rage cin batir, abin da ba ya faruwa a tsohuwar fuskar LCD. Da yake ana iya shafa sinadaran a kan roba, an samu wayoyin da ake naɗewa. Amma tana da nata aibin. Danshi da iska suna lalata sinadaran sai an rufe su ruf, kuma shuɗin launi yana saurin tsufa fiye da ja da kore, shi ya sa wani lokaci inuwar tsohon hoto take maƙalewa a fuska.

Tang ya koma koyarwa a Jami'ar Rochester a 2006, daga baya kuma a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong. An ba shi lambar yabo ta Wolf a 2011 da ta Kyoto a 2019. Kodak kuwa, inda aka yi aikin tun daga tushe, bai ci moriyarsa yadda ya kamata ba: ya sayar wa LG sashensa na OLED a 2009, ya kuma bayyana karayar arziki a 2012. Yau masana'antun Koriya ta Kudu da na Sin ne suke ƙera mafi yawan waɗannan fuskoki.