Kujerun Gaba da Injinan Kano

A shekarun 1980 ina akawu a wata majemar fata a Sharaɗa, kuma cikin ayyukan da aka ɗora mini har da yanko wa maigidana, Alhaji, tikitin jirgi. Tikitin wancan zamani ɗan littafi ne mai jan kabon a bayan kowane shafi, da biro ake cike shi. In tafiyar Italiya ta taso, Alhaji kan ce, "Malam, na gaba za ka yanko, ka kuma tuna musu da abincin Musulmi." In ce, "To, ranka ya daɗe." A ofishin kamfanin jirgin kuwa kusan kullum mutane ɗaya nake tararwa: masinjan wata masaƙa ta Bompai, direban wani ɗan Labanon mai kamfanin roba, akawun wata majema ta Challawa. Kowa kujerar gaba ya zo nema wa ubangidansa. A Legas manyan gwamnati da 'yan kamfanonin mai ne ke cika gaban jirgi. A Kano masu injina ne.

Kafin injinan su zo ma, Kano ta daɗe da sanin jirgin sama. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a nan. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Bayan yaƙin duniya na biyu sai garin ya zama zango: jiragen farfela na wancan lokaci ba sa iya tashi daga Turai su kai Kwango ko Afirka ta Kudu ba tare da sun sha mai ba, kuma da an tsallake Sahara, Kano ake fara samu. BOAC ta Ingila da Sabena ta Beljiyam duk nan suke yada zango, KLM ta Holan kuma ta fara sauka a 1947. Har yau akwai tsofaffin hotunan mai busa kakaki a kan raƙumi, wanda aikinsa shi ne sanar da isowar jirgi.

A farkon wannan zamani babu zancen gaba da baya, domin duk wanda ya iya biyan kuɗin jirgi babba ne. Sai a 1952 kamfanonin jiragen duniya suka amince da kujeru masu rahusa, a 1958 aka ƙara wasu da suka fi su araha, daga nan labule ya raba ciki biyu. Jirgin Stratocruiser da BOAC ta riƙa turowa Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1950 har falo gare shi a ƙasa, ana sauka ta matakala a zauna hira. Amma yawancin waɗanda ke cikinsa masu wucewa ne. Su sauko su miƙe ƙafa, su ci abinci, su sayi jakar fata ko tandu a hannun 'yan koli, su koma. Da jirage masu dogon zango irin Boeing 707 suka yawaita a shekarun 1960, wannan ciniki ya mutu, domin babu sauran dalilin tsayawa shan mai.

Abin da ya riƙe jiragen a Kano bayan haka shi ne garin ya samar da fasinjojinsa na kansa. Bompai, wadda take dab da filin jirgin, ita ce tsohuwar unguwar masana'antu: matatun man gyaɗa, kamfanin fulawa, masaƙu, har da wurin haɗa keken Raleigh. Da kuɗin fetur suka shigo a shekarun 1970, aka yanka Sharaɗa kashi uku, aka buɗe Challawa can wajen kogi, inda majemu suka tattaru. Dokokin mayar da hannun jari ga 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sa attajiran Kano, waɗanda iyayensu fataken gyaɗa da goro ne, suka hau kujerun shugabancin kamfanoni tare da 'yan Labanon da Indiyawa da 'yan Sin. Isyaku Rabiu ya kafa masaƙar Bagauda, Nababa Badamasi ya kafa ta Gaskiya. Mai masaƙa kuwa dole ya je Jamus ko Suwizalan ganin inji. Mai majema dole ya kai samfurin fatar jar akuyar Sakkwato kasuwar baje kolin fata a Italiya, ya zauna da masu kamfanonin takalma su murza ta da yatsu su yi ciniki.

Mutane kan ɗauka son jin daɗi ne kawai ke sa attajiri ya biya ninkin kuɗi don kujerar gaba. Akwai wannan, kuma akwai neman girma, ba na musu. Amma ni da na riƙe littafin kuɗi na ga wani lissafin. Jiragen Turai da dare suke tashi daga Kano, awa shida da 'yan kai, gari na wayewa ana sauka. Wanda ya samu barci zai wuce kai tsaye wurin ciniki, wanda ya kwana a takure kuwa ya yi asarar yini guda. Sannan ga nauyin kaya: na baya kilo 20 aka yarje masa, na gaba 30 ko fiye. Sau da yawa Alhaji kan dawo da ƙarfen inji naɗe cikin tawul a tsakiyar akwatinsa, abin da in aka bi ta jirgin ruwa da tashar Apapa sai an yi watanni ana jira. Injin aske fata guda in ya tsaya, layin ma'aikata ne gaba ɗaya zai zauna.

Na sha raka shi har falon manyan fasinjoji na tsohon ginin filin jirgin. Ba wani ƙasaitaccen wuri ba ne: kujerun kushin, na'urar sanyaya ɗaki mai gurnani, shayi da biskit, jaridun New Nigerian da Triumph a kan tebur. Darajarsa mutanen da ke ciki ne. A nan mai roba zai ji wa ya samu lasin shigo da kaya, mai majema ya ji nawa ake sayen ɗanyar fata a Maiduguri. Abin da ke bayan ƙofar jirgi kuwa a bakin Alhaji muke ji: tawul mai ɗumi da ake miƙowa da ɗan matsefi, takardar zaɓen abinci, farin ƙyalle a kan tebur, faranti na tangaran da cokali na ƙarfe, ma'aikaciya ta kira mutum da sunansa. Kujerar kuwa ɗan kwantawa baya kawai take yi. Wadda ke miƙewa ta zama gado sosai sai a 2000 British Airways ta sa ta a ajin 'yan kasuwa.

Akwai zaɓi a lokacin. British Caledonian, mai ma'aikata sanye da tufa mai zanen Sikotlan, tana zuwa Landan har British Airways ta haɗiye ta a 1988. Nigeria Airways mai tambarin giwa da fukafukai tana tsayawa Kano. Middle East Airlines tana ɗaukar 'yan Labanon zuwa Beirut. Ita kuwa KLM tana da wata al'ada tun shekarun 1950: duk fasinjan gaba ana ba shi ɗan ƙaramin gida na tangaran, fari da shuɗi, kwaikwayon wani gini na gaske a Holan, da lamba a bayansa. Barasa ce a ciki. Alhaji kan sa a ɓalle murfin a tsiyaye ta a kwata, a ɗauraye, sannan a jera a kan kabad. A ofisoshin Bompai da Sharaɗa da dama na ga irin wannan jeri, kuma tsawonsa kan nuna wa baƙo yadda kasuwar mai ofishin take tafiya.

A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Daga Satumbar 1986, da aka saki farashinta, tikiti da kayan gyara da sinadarin jima duk suka yi tashin gwauron zabo lokaci guda. Wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin mai ya yi wuya, atamfar Sin ta riƙa kwararowa ta kan iyakar Nijar zuwa Kantin Kwari. Masaƙu suka bi juna suna rufewa. Kamfanin jirgi kuwa ribarsa mafi tsoka a kujerun gaba take, saboda haka in suka zauna fayau, cikar baya ba ta cika riƙe hanya ba. Nigeria Airways ta durƙushe a 2003. A Janairun 2012 aka kai hare-haren da suka girgiza Kano, har da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, kuma a tsakiyar wannan shekara KLM ta daina zuwa, bayan shekara 65.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda alƙiblar tafiyar ta juya. Kanawa ba su daina hawa jirgi ba, wasunsu ma a gaba suke zama, a kujerun da suka fi na da daɗi nesa ba kusa ba. Amma iyayensu arewa suke yi su sayo injin da zai saƙa yadi a Kano, su kuwa gabas suke yi, Dubai da Guangzhou, su sayo yadin a saƙe. EgyptAir da Ethiopian da Saudia suna sauka, Qatar Airways ta shigo a 2022, an kuma gina sabon ginin jiragen ƙetare. Majemun Challawa da suka tsira suna nan suna tura fata Italiya da Sifen, kamfanonin roba da na casar shinkafa suna aiki, kowa da janaretonsa, ana jiran bututun gas da aka fara shimfiɗawa daga Ajaokuta a 2020. Mai majemar da ke son kai samfurinsa Milan yau sai ya fara zuwa Abuja, ko kuma ya bi ta Alƙahira, Addis Ababa ko Doha, ya sauya jirgi.